Lambar Ƙauyen Kawu

Kwamfutar nan ta so ta haukata ni a shekarar da nake shigar da sunayen manoma don rabon takin gwamnati. Ka rubuta suna, ka rubuta gona, sai ta tsaya cak: sai an ba ta lambar gidan waya ta garin mutum. Ranar Juma'a za a rufe rajista, ga damina ta kankama.

Manyan garuruwa ban sha wahala ba. Ƙauyen kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya tsaya mini a wuya. 'Yan gidaje ne can bayan Zandam, a ƙasar Gwaram, gida goma sha ɗaya, duk ni suka zuba wa ido.

Na hau babur na je gidan waya a Birnin Kudu. Wani dattijo ya buɗe mini littafinsu, muka bi layi-layi da yatsa har idona ya yi ja. Babu ƙauyen.

"Malam, tambaye su inda ake aiko musu wasiƙa," in ji shi.

Nan take na kira Kawu. Dariya ma ya yi.

"Wasiƙa? Kai yaro! Da can da yayanka yake Legas, hannun wani tela a tashar Birnin Kudu take sauka. Ranar kasuwa mu karɓo."

Na koma ofis ana kiran sallar Juma'a, na danna wa gidajen nan duka lambar Birnin Kudu. Kwamfuta ta karɓa. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi.

Ashe da lambar take raba mutane zuwa inda za su karɓi taki. Ranar rabo suka je Gwaram, aka ce sunansu yana Birnin Kudu. Suka yi hayar mota suka zo, aka duba katinsu na shaida aka ce ai ku mutanen Gwaram ne. Na roƙi wannan, na durƙusa wa wancan, na yi kuka a gaban mutane ban ji kunya ba. Aka ce an rufe, ba a taɓawa.

Da kaka Kawu ya zo gidana da dawa, kamar kowace shekara. Buhu ya saba kawowa. Wannan karon a ƙwarya ce, an rufe da faifai.

"Ka yi haƙuri da ita," ya ce. "Kai dai ka yi iya ƙoƙarinka, injin ne bai san mu ba."

Na karɓa da hannu biyu. Har ya rasu ban gaya masa yatsana ne ba.