Goron Alhaji

Da bashi na yi digiri na biyu a Doha. Tallafin karatu bai fito ba, sai Baba ya ɗauki takardun gidanmu ya kai jingina wajen wani Alhaji mai sayar da atamfa a unguwarmu. Alhaji ya ce shi ba ya cin riba, Allah ya kiyaye, sai dai duk wata a ɗora masa ɗan goro. Shekara huɗu ina tura goron nan daga albashina, uwar kuɗin ko gezau.

Wata rana a ofishinmu da ke Al-Sadd, akantanmu, wani dattijo ɗan Sudan, ya ji ina ta tsaki. Da na ba shi labari, ya ce a wasu ƙasashe ana rage wa mutum haraji saboda ruwan bashin karatu. Nan ba a cire mana haraji a albashi, amma ina biya a kan ɗan shagon da na buɗe a Kano. Ya ce in gwada tambaya can, amma in fara karɓo takarda daga mai bashin, wadda ta nuna ruwan da na biya.

Na fita baranda na kira Alhaji. Na gaishe shi har da tambayar jikoki, sannan na faɗi buƙatata.

"Ruwa? A'uzubillahi! Yaro, ni ka taɓa ji na ambaci ruwa? Alheri kake yi mini don kanka."

"To Alhaji, in alheri ne, wannan watan ba ni da hali."

Ya kashe wayar.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau ma ban huce ba. Ko banki, da ake zagi a huɗuba, yana rubuta abin da ya ci. Shi kuwa ya ci, ya goge baki, ya tsaya a sahun gaba.

Bayan la'asar Baba ya kira. Alhaji ya aiko a tambaye shi ko ya fara neman inda za su koma.

"Baba, riba ce fa, wallahi riba ce!"

"Na sani tun ranar da na kai takardun," in ji shi a hankali. "Ka kira shi ka ba shi haƙuri."

Na kira. Na ce sharrin shaiɗan ne da ƙuruciya. Alhaji ya ce ya yafe mini duniya da lahira.