Rigar da Gwaggo Ta Ɗinka wa Sola

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, tela ce. Ba ta da shago a kasuwa. Ɗakin da ke kusa da ƙofar gidanta shi ne shagon, kuma matan layin sun san hanyarsa ko da an ɗaure musu ido. In ka shiga, abin da za ka fara lura da shi shi ne babu wani abu a ɗakin da yake zaune tsirara. Rediyo da rigarsa. Fanka da hularta. Firij yana yafe da mayafi mai leshi a baki, filas ɗin shayi kuwa har aljihu aka yi masa na saka cokali. Marigayi mijinta yakan ce shi ba ya yarda ya daɗe zaune wuri ɗaya a ɗakin nan, don kada a ɗauko tef a auna shi.

Dalilin wannan duka shi ne Gwaggo tana da abokiyar gaba guda ɗaya a duniya, wato rana. "Ƙura ana kaɗe ta," in ji ta, "datti ana wanke shi. Amma in rana ta koɗar maka da yadi, wa zai dawo maka da launinsa?" Wankinta a inuwa take shanya shi, a bai-bai. Labulenta biyu-biyu ne, na waje yana kare na ciki. In mace ta zo karɓar ɗinki da tsakar rana, sai an naɗe mata shi cikin takarda, an kuma ja mata kunne ta bi gefen katanga.

Shekara da shekaru keken ƙafa take takawa, har ranar da gwiwoyinta suka ce su kam sun gaji. Likita ya hana ta. Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Babba, ya sayo mata keken lantarki. Keke ya yi kyau, ɗinkinsa kamar an zana, sai dai wutar layin nan baƙuwa ce mai kunya: kafin ka gama yi mata sannu da zuwa ta ɗauki takalminta. Gwaggo takan zura zare, ta saita yadi, ta ɗora ƙafa, sai fanka ta yi shiru. Ɗinki ya taru. Mata suka fara zuwa a kunyace suna karɓar yadinsu, wai za su nuna wa wata ƙawa ne su dawo da shi. Ba su dawowa.

Babba ya ga lokaci ya yi. "Umma, ki tattara ki dawo wurina. Ga ɗaki an gyara, ga jikokinki. Kin yi aikin nan ya isa."

"In je in yi me? In zauna ana kawo mini abinci kamar marar lafiya?"

"Ki huta."

"Wa ya ce maka na gaji? Gwiwa ce ta gaji. Hannuna da idona suna nan ƙalau."

Suka yi ta ja, har suka tsaya a kan magana ɗaya: za a sa mata sola da batir. In keke ya tashi yana aiki kafin Babba ya sami hutu a wurin aikinsa, ta zauna a gidanta da sana'arta. In bai tashi ba, zai zo da motar kaya, kuma babu gardama. Gwaggo ta ce ta yarda, tana faɗa tana kallon keken kamar shi ma ya ji da kunnensa.

Mai solar da aka samo saurayi ne mai fara'a da ladabi, mai babur, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ce wa mutum a'a ba. Abin da yake cewa shi ne gobe. Bai yi mako guda yana zuwa gidan ba Gwaggo ta laƙaba masa Gobe-Gobe, shi kuma yana amsawa da murna. Farantan sola kam ya kawo su da wuri, baƙaƙe masu sheƙi, ya jera su a kan kwanon rumfar tsakar gida, wadda ba ta da tsayi sosai. Ya ja wayoyi, ya kafa akwatin inbata a bango, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ya wanke hannu.

"To batir fa, ɗan nan?"

"Yana hanya, Mama. Gobe, in Allah ya yarda."

Batir ya daɗe a hanyar nan. Da farko yana cikin jirgin ruwa. Sai ya sauka, motar da ta ɗauko shi ta lalace. Aka gyara mota, mai riƙe da makullin sito ya yi tafiya. Ya dawo, aka buɗe kwali, sai aka ga wayar da za ta haɗa batir da inbata ta wani iri ce daban. Gobe-Gobe yakan leƙo da yamma bayan ya rufe shagonsa, ya durƙusa ya gaida ta, ya ba ta sabon labari, ya sha ruwan sanyi ya tafi. Gwaggo ta ce da labari yana kunna keke da tuni ta ɗinke wa duk garin kaya.

A wannan zaman jiran ne abin ya faru. Kullum ta fito tsakar gida sai ta ga farantan nan sababbi fil suna kwance a kan kwano, rana tana gasa su tun daga hantsi, ga shi ba aikin komai suke yi ba tukuna. Abin ya tsaya mata a rai. Kaya masu tsada, baƙi kuma, launin da ya fi kowane saurin koɗewa! Ta aika aka sayo mata tampol mai kauri, ta zauna da allura da zare ta kalmashe bakinsa da hannu, ta jera masa zobba irin na labule. Sannan ta kira maƙwabcinta kafinta, dattijo marar yawan tambaya, ya kafa mata ƙarfe biyu da igiya. In ta ja wannan igiya, riga ta rufe farantan ruf. In ta ja waccan, ta naɗe ta koma bayan rumfa inda ba a ganinta.

"Gwaggo, kin tabbata haka ake yi?" in ji kafinta, wannan ce kaɗai tambayarsa.

"Kai da kake barin katakonka a rana har ya tsage, kai za ka koya mini adana kaya?"

Kafinta ya kwashi gudumarsa.

Ranar da batir ya iso, rabin layin sun shigo kallo. Ƙato ne, fari, sai da mutum biyu suka ɗauko shi. Gobe-Gobe ya haɗa, ya danna, fitila ta kama, mata suka ɗauki shewa. Yana juyowa ya ga Gwaggo ta zaro tef daga wuyanta tana nufar batir.

"Mama, don Allah, wannan kada a sa masa riga. Iska yake so, in ya ji zafi lalacewa zai yi."

"Ko 'yar shara-shara?"

"Ko hula."

Ta mayar da tef ɗinta tana ƙunƙuni. Maganar farantan kuwa ba ta taso ba, don yamma ce, an riga an naɗe musu riga.

Gwaggo ta ci gaba da tsarinta. Da sassafe ta buɗe su su sha iska. Rana tana ɗagowa ta fara cizo, ta ja igiya. Sai ta yi sanyi can bayan la'asar ta sake buɗewa. Batir kuwa ya ƙi ƙoshi. Ta ɗinka hannun riga ɗaya, kafin ta kai ga na biyun inbata ta fara kuka kamar ɗan tsako, keke ya tsaya.

Gobe-Gobe ya shiga uku. Yakan zo da yamma, ya ga farantai a buɗe, tsaf, babu ko ƙura, sun ma fi na duk wanda ya taɓa sa wa tsabta. Ya gwada wayoyi, lafiya. Ya kwance inbata ya tafi da ita, ya dawo da ita. Ya zargi batir, ya buga waya ya yi faɗa da waɗanda suka sayar masa. Har ya fara tambayar Gwaggo a hankali ko wani yana jan wutar ta bayan katanga. Kafinta ya ji, ya daina amsa masa gaisuwa.

Hutun Babba kuwa yana ta matsowa. Ya bugo ya ce ya riga ya yi magana da mai mota. Daga ranar Gwaggo ta rage surutu. Na je gaishe ta na tarar tana ninke ragowar yadudduka tana jera su a kwali, ta ce wai gyaran ɗaki take yi. Ba ta tsokane ni a kan tumbina ba, abin da ba ta taɓa fashinsa ba, nan na san abin ya kai mata.

Abin da ya ceci Gwaggo wandon Gobe-Gobe ne. Wata yamma ya hau tsani zai sake duba farantai, ƙusa ta kama shi, wando ya tsage daga sama har ƙasa. Ya sauko yana bin bango da baya. Gwaggo ta yi dariyar da ta kwana biyu ba ta yi ba, ta ɗauko masa wani tsohon wandon marigayi, wanda mutum biyu irinsa za su shiga su yi hira.

"Bar naka in ɗinke da hannu. Ka zo gobe. Gobe ta gaskiya, ba irin taka ba."

Da yake ba zai iya wuni a shago cikin wandon marigayi ba, a karo na farko Gobe-Gobe ya zo da tsakar rana. Ya yi sallama, ya shigo tsakar gida, ya ɗaga kai.

"Mama... mene ne wancan?"

"Riga ce. Ka ga kalmasar? Da hannu na yi."

"Tun yaushe?"

"Tun batirinka yana cikin jirgi. Da na bar su a ranar nan ai da yanzu sun koma ruwan toka."

Ya zauna a kan bokitin da ke kife, ya riƙe kai, kafaɗunsa suna rawa. Gwaggo ta zaci kuka yake yi, har ta miƙo masa ruwa, ashe dariya ce. Da ya samu ya numfasa ya ce, "Mama, ranar nan da kike ɓoye musu ita ce abincinsu. Wadda ta fi zafin ma ita suka fi so. Azumi kika sa su!"

"Ba za su koɗe ba?"

"Ko jikokinki za su gaje su baƙi ƙirin."

Ta dube shi, ta dubi sama, kamar an ce ta aika wa maƙiyiyarta goron gayyata. Sai ta ce, "In suka koɗe, wandonka ba zai fita daga gidan nan ba." Ta ja igiya. Kafinta, wanda ya leƙo ta kan katanga, ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa, "Kai kuma ka yi shiru." Ya janye kansa, amma da yamma ya amsa gaisuwar Gobe-Gobe har da tambayar mutanen gida.

Washegari kafin la'asar batir ya cika taf. Labari ya zaga layi, yaduddukan da aka kai wa ƙawaye su gani suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, kowacce da uzurinta, Gwaggo kuma tana karɓa ba ta tambayar inda suka kwana.

Ranar da Babba ya iso da motar kaya, tun daga bakin titi ya ji ƙarar keke. A ƙofar ɗaki takalman mata ne birjik. Ya tsallake su ya shiga, ya tarar da uwarsa ta duƙufa a kan wani dogon zanen gado, almakashi a cinya, allura a baki.

"Umma, mun iso."

Ba ta ɗago ba. Ta zare allurar ta ce, "Sannu da hanya. Kama mini bakin nan, yana jan ƙasa."

Ya kama. Direba ya yi ta danna oda a waje. Babba ya dubi keken, ya dubi matan da ke zaune suna ƙunshe dariya, ya leƙa ta taga ya ce wa direba ya juya kawai, za su yi magana.

"Ɗaga hannunka," in ji Gwaggo. "Kana karkata mini ɗinki."