Ƙofar da Auta Ya Gyara

Matso kusa ka ji wata magana da na daɗe ina juyawa a baki, ta ƙi haɗiyuwa ta ƙi tofuwa. Ni ba mai yawo ba ce. In ka cire gidan suna da gidan rasuwa, rayuwata duk tsakanin ɗakina ne da madafa da bakin zaure, a nan Kontagora. Karatuna aji uku ne, sai ɗan abin da na ƙara a ajin yaƙi da jahilci bayan na yi 'ya'ya huɗu. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina tankaɗe a tsakar gida zan gaya maka wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa. Bakina kuma bai san hutu ba. To, kunnen nan da bakin nan su suka haɗu suka ja wa ƙanena abin da zan gaya maka.

Shi ne autanmu, na ba shi shekara tara. Da mahaifiyarmu ta rasu, a gidan mijina ya ƙarasa girma. Auta nake ce masa har yau da furfurarsa. Da ya kai munzalin neman sana'a, maigidana ya kai shi garejin wani tsohon bakanike Banufe a bayan tasha, wanda kowa ke kira Baba. Tsohon yana da ƙa'ida guda da ba ya ɗaga wa kowa: shekarar farko ba ka taɓa inji. Ka cire taya, ka wanke ƙarafa, ka tsaya ka yi kallo. Sai ka cika shekara zai ce maka kawo hannunka.

Auta ya yi wata goma a wurin.

Lokacin nan rediyona ba ya yin shiru sai batir ya mutu, kuma kullum maganar masana'antun haɗa motoci ake yi. An ce gwamnati ta zuba kuɗinta a ciki, ta sauƙaƙa musu shigo da kayan haɗi, ta kuma hana ma'aikatunta sayen kowace mota sai haɗin gida. Ni dai abin da na fahimta shi ne, gwamnati ta goya su a baya, kuma ɗan da ke goye ba ya faɗuwa. Ana cikin haka ɗan'uwan maƙwabciyata ya zo sallah daga Kaduna, ya ce a tasu masana'antar ana ɗaukar ma'aikata, in akwai mai so zai shige masa gaba.

Ranar na tare Auta tun bai wanke baƙin mai ba.

"Yaya, Baba ya ce wata biyu ya rage in fara inji."

"Inji nawa ne a garejin naku? Matattu uku, da akuya kwance a ƙarƙashi. Can sababbi ake yi, tun daga ƙusa har taya. Wanda ya iya haihuwar abu, shi za a koya wa jinyarsa?"

Ya yi dariya, ya ce zai yi tunani. Ban bar shi ya yi ba. Da safe maganar, da rana maganar, in zuba masa tuwo in ɗora maganar a kai kamar miya. Baba da kansa ya tako har zaurenmu. Ina bayan ƙyaure na ji yana ce wa maigida, da Hausarsa mai lanƙwasa, "A bar yaron nan ya ƙarasa, hannunsa yana da kyau." Da ya tafi na ce wa maigida tsohon ba ya son ya rasa mai cire masa taya ne kawai. Maigida ya ce, "Ƙanenki ne." Haka Auta ya hau mota zuwa Kaduna.

Shekara goma sha ɗaya ya yi. Ya yi aure, ya haifi uku, duk sallah ya zo mini da atamfa da sabulu mai ƙamshi. Ni kuwa na sami abin faɗi. In aka wuce da sababbin motoci ta hanyar Yawuri, kujerunsu da leda, sai in ce wa matan unguwa, "Aikin Auta ke nan." Babu gidan da na shiga ban bar maganar ba. Har makiyayan Bobi da ke kawo mana nono sun san ƙanena mota yake haɗawa.

Sau ɗaya ya so ya yi mini bayani. Yana zaune a kan turmi, ya ce, "Kin ga Yaya, motar tana tafiya ne a hankali a kan layi, kowa yana tsaye a wurinsa, in ta iso gabanka sai ka..." Sai na ji ƙaurin tuwo ya kama, na tashi da gudu. Da na dawo na ɗauko labarin wata da ta haifi tagwaye. Ni da nake jin faɗuwar allura a ɗakin maƙwabta, wannan maganar ban tsaya na ji ƙarshenta ba. A kaina, haɗa mota kamar girki ne. Mace ba ta cewa ita gishiri kawai ta iya sawa.

Daga baya rediyo ya sake murya. Naira ta faɗi, kayan haɗi sun yi tsada, gwamnati ta ce bayanta ya gaji, kowa ya sauka ya taka da ƙafarsa. Motoci na hannu suka fara kwararowa daga Kwatano, masu araha. Muka ji wata masana'antar an sa mata kwaɗo, wata ciyawa ta cinye harabarta. Su Auta aka mai da su aikin kwana uku a mako, daga nan aka rufe layinsu aka ce kowa ya kama gabansa. Farkon damina ya iso da matarsa da yaran, katifa ɗaure a saman mota. Muka share musu ɗakin da ke kusa da zaure.

Mako uku yana zaune a kan benci a ƙofar gida. Ba ya ƙorafi, amma na ji takunsa ya sake, yana jan ƙafar da da can ɗaga ta yake yi. Abin ya hana ni sukuni.

A wani gidan suna na haɗu da matar wani Alhaji, abokin maigida, mai fataucin hatsi. Yana da a-kori-kura haɗin Kaduna da yake ɗauko masara da dawa da ita daga kasuwar Salka. Ta ce motar ta kwana biyu ta ƙi tashi, za a ja ta gareji. Na ce, "Wane gareji, ga wanda ya haɗa ta yana zaune a ƙofar gidana? A turo ta gobe." Kafin a watse na sanar da duk matan da ke wurin, don su gaya wa mazansu su zo su gani da idonsu. Lissafina shi ne, in Auta ya tashe ta a gaban jama'a, shi ke nan ya kafu a garin. Shi kaɗai ne ban gaya wa ba. Wai ina so in yi masa ba-zata.

Da hantsi aka turo motar. Mutane suka taru, har da masu tsayawa a kan keke. Auta ya shigo tsakar gida.

"Yaya, me ke nan?"

"Arzikinka ne na kira maka har ƙofar gida."

Ya dube ni, ya buɗe baki. Daga waje Alhaji ya ɗaga murya, "Ina injiniyan namu? Kasuwa ba ta jira fa." Auta ya rufe bakin, ya shiga ɗaki ya sa shuɗiyar rigarsa ta aiki, ya ɗauki 'yar jakar ƙarafansa ya fita.

Na tsaya bayan ƙyauren zaure ina saurare. Na ji an buɗe gaban motar. Na ji an murɗa makulli, ta yi tari ta yi shiru. Aka sake, ta sake. Sai ƙarar sifana, nan kaɗan, can kaɗan. Ni na san ƙarar hannun da ya san inda za shi, ko a kan turmi ne. Wannan bugun na mai lalube ne.

Wani ya ce, "Ko ta ƙi gane ubanta ne?"

Wani ya amsa, "Ai ya daɗe bai zo ganinta ba, fushi take yi."

Aka daɗe a haka, rana ta ɗaga. Can sai na ji ƙarar ta sake, ta zama ta mai tabbaci, kowane bugu a wurinsa. Na ce alhamdulillahi, na leƙa. Ashe ya bar injin. Yana durƙushe a ƙofar direba, wadda Alhaji ya shekara biyu yana ɗaure ta da igiya. Ya kwance igiyar, ya sassauta ƙarafan da ke riƙe da ƙofar, ya tallafe ta da gwiwa, ya bi tsagar gefenta da farcen babban yatsa daga sama har ƙasa, ya ɗan ɗaga, ya sake bi, sannan ya ɗaure. Ya tura ta da yatsa biyu. Ta rufu ɗuf, a hankali, kamar an rufe bakin tulu da tafin hannu. Ban taɓa jin ƙofa ta rufu haka ba.

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya ce, "Madalla. Yanzu sai mu shiga mu rufe, mu zauna a nan har kaka."

Auta ya miƙe yana goge hannu. Bai ɗaga murya ba, amma na ji kowace kalma. "Alhaji, ka yi haƙuri. Shekara goma sha ɗaya ƙofa nake ratayawa. Ta gaba, ta hagu. Inji wasu ke ɗora shi, ni ko murfinsa ban taɓa buɗewa ba."

Ƙarshen maganar ke nan da ya fara mini a kan turmi.

Aka aika aka kira Baba. Ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya ƙara tsufa, ya sa aka murɗa makulli sau ɗaya yana karkata kai. Ya zare wata 'yar roba ya hura, ya goge wani abu da gefen rigarsa, ya mayar. Kafin ruwan da na ɗora a murhu ya tafasa motar ta tashi. Ana ta sa masa albarka, shi kuwa ya zagaya ya buɗe ƙofar nan ya rufe, har sau uku. Ya ce, "Wannan ni ban iya ba." Injin yana ruri, jama'a suna hayaniya, ba na jin akwai wanda ya ji sai ni da Auta. Ya ƙara da cewa, "Wata biyu ya rage maka. In kana so, gobe ka zo."

Bai je ba. Magidanci mai 'ya'ya uku, ya koma cire taya, a garin da aka riga aka sa masa suna mai ƙofa? Sunan ya bi shi har wurin mai shayi, har bakin masallaci. Kuma matan da na gaya wa da bakina su suka raba labarin gida gida.

Abin da ya fi ci mini rai, bai ce mini komai ba. Ranar ma ya ci tuwonsa ya ce, "Sannu da aiki, Yaya." Da ya zage ni da na sami sauƙi. Ni kuma na koma zagin gwamnati da ƙarfi, yadda zai ji daga ɗakinsa, wai ta ɗauki goyo ta kwance zani a tsakiyar hanya. Gaskiya ne, ta yi hakan. Maigida ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Gwamnati ce ta turo motar Alhaji?" Na tattara kwanuka na shige madafa.

Bayan mako biyu Auta ya ce dangin matarsa sun ba shi gona wajen Kasuwan Garba, zai koma can tun shuka ba ta wuce ba. Ana gobe za su tafi, bayan la'asar, na dawo daga madafa na same shi durƙushe a ƙofar ɗakina. Ƙofar langa-langa ce, tun ina amarya take kuka, da kukanta nake sanin an shigar mini ɗaki. Ya bi gefenta da farce, ya ɗaga, ya ɗaure. Ya ce, "Ta daɗe tana damuna." Tun ranar ba ta sake yin ƙara ba.

Yana can har yanzu, manomi ne, tafin hannunsa duk ya tsattsage. Duk sallah yana zuwa da buhun masara. In ya shigo, kafin ya zauna sai ya kama ƙofar nan ya kaɗa ta sau biyu yana saurare. Ni kuma tun ana saura kwana uku nake shirya kalmomin: Auta, ni na cire ka daga gareji, ni na kira motar, ka yafe mini. In ya zauna sai in ji bakina ya kama labarin tsadar taki da wadda ta aurar da 'ya. Wani lokaci in ce wa kaina ya manta, tonowa zai zama sabon ciwo. Wani lokaci in ce ƙarshen maganar yake jira in tsaya in ji, kada in tashi kamar ranar da yake kan turmi.

Sallah ta kusa. Kai da ka zauna ka ji ni har nan, in kai ne ni, in ya kama ƙofar nan bana, za ka faɗa masa, ko za ka zuba masa tuwo ka bar ta a rufe?