Ƙwaryar nonon da Hamidu ya zana

A watan nan ƙanena Hamidu ya cika shekara biyar da rasuwa. Mun saba idan lokacin ya zagayo mu taru a gidanmu na unguwar Majidaɗi a Jalingo, a yi masa addu'a, a raba sadaka, kowa ya kama gabansa. Bana kuwa addu'ar ta same ni da wani nauyi daban, domin an cire wani abu nasa daga inda ya ajiye shi, kuma ni na ba da izini.

Har yau idan aka tambaye ni sana'arsa sai na yi dogon bayani. Shi da abokinsa Danjuma, ɗan ƙabilar Mumuye da suka yi makaranta tare, sun haɗa wasan waya na noma da kiwo: ka shuka, ka girbe, ka tatsi saniya, ka kai kasuwa. Danjuma ke haɗa abin da ke tafiyar da wasan. Hamidu kuma shi ke zana 'yan hotunan kayan da ɗan wasa ke tarawa a ƙasan fuskar waya, doya da fartanya da kifi da sauransu, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba. Dada, mahaifiyarmu, har ta koma ga Allah ba ta yarda wannan aiki ba ne.

Ni dai na san aiki ne, tunda a kaina yake ƙarewa. Idona ba shi da ƙarfi tun ina yaro, shi kuwa ya mai da lalurata kayan aikinsa. Sai in dawo daga ofis a gajiye, ko takalmi ban cire ba, ya tare ni da waya, yana kirana Hamma, wato yaya da Fillanci. "Hamma, cire gilashin. Mene ne wannan?" In na ce dutse ne alhali doya ya zana, ba ya gardama, komawa yake ya sake. Doyar nan ta sha masa kai, domin doya ta gaske, da ƙasarta da saiwoyinta, idan aka ƙanƙantar da ita ba ta da maraba da guntun itace. Daga ƙarshe sai ya yanke mata kai, farin cikinta ya fito fili. Tarwaɗar garin Lau kuma ya ja mata gashin baki har ya wuce na duk wata tarwaɗa da aka taɓa kamawa a Binuwai. Na ce masa ai wannan ƙarya ce. Ya ce e, amma ga shi na gane kifi ne ba tare da gilashi ba.

Wadda ta fi cin ransa ita ce ƙwaryar nono. Ta Dada ya ɗauko, tsohuwar ƙwaryar da aka kawo ta da ita gidan aure, mai zane tun daga baki har gindi. Ya yi makonni yana kwafe zanen nan layi-layi, kuma a babban allonsa na kwamfuta abin gwanin sha'awa. Da ya mai da ita girman farce ya nuna mini, sai na ce ƙwan zabo ne. Ya yi kwanaki ba ya kula ni sosai. Sannan ya zauna ya goge zanen duka da hannunsa, ya bar bakin ƙwarya da faifai a karkace da ludayi ya leƙo. A ranar ne ya faɗa mini maganar da na riƙa jin yana maimaita wa Danjuma daga baya, wai duk lokacin da ɗan wasa ya tsaya yana tunanin mene ne wannan, laifin mai zane ne, ba na ɗan wasa ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Wasan kuwa ya ci gaba, har ya kai inda shi Hamidu bai taɓa taka ƙafa ba.

Watan jiya Danjuma ya taso daga unguwarsu ta Nukkai ya same ni a gida. Ya daɗe yana gaisuwa, har na gane akwai magana. Ya ce yanzu galibin masu wasan ba 'yan nan ba ne, suna Legas da wasu ƙasashe. "Hamma, wallahi ba na so na taɓa aikinshi," in ji shi. "Amma kullum komplen. Wannan ƙwarya, ba su san shi ba. Wani ya ce hula ne, wani ya ce miya ne." Ya miƙo mini wayarsa da abin da yake so ya maye gurbinta, wata farar kwalba mai sheƙi irin ta finafinan Turawa. Ya ce doya da kifi suna nan, ƙwaryar ce kawai. "Idan ka ce a bari, zan bari. Kai ne ubanshi yanzu."

Ba dole ba ne ya tambaye ni, kuma na san in na ce a'a zai bari, ya ci gaba da shan ƙorafin. Na ce ya ba ni lokaci.

A kwanakin da suka biyo baya na yi ta tambayar kaina abin da Hamidu zai ce. Na so ƙwarai in ji shi ya fusata. Na so in tuna wata rana da ya ce wasan nan na mutanen Taraba ne, wanda bai san ƙwarya ba ya je ya koya. Na bincike ƙwaƙwalwata kaf ban samu ba, don bai taɓa faɗa ba. Ɗan wasa kawai yake cewa, bai ce na Jalingo ba. Mutumin da ya goge zanen ƙwaryar mahaifiyarsa saboda yayansa ya kira ta ƙwan zabo, ban ga yadda zai kafe a kan sauran don wasu dubban mutane sun kira ta hula ba. Zai yi fushinsa na kwanaki, sannan ya zauna ya sake.

Abin da ya ƙara kashe mini jiki shi ne da na lura da matan da ke kawo nono unguwarmu. Da yawansu a roba suke kawowa yanzu. Na kira Danjuma na ce to ko robar za a sa, ta fi kusa da mu. Ya yi 'yar dariya ya ce ya gwada, bokitin fenti take zama. Sai na ce ya sa kwalbarsa.

Na gaji da jin ana cewa aikin mutum yana wanzuwa bayansa. Wani ɓangare ne ke wanzuwa, kuma ba ka da zaɓi a kan wanne. Abin da ya rage na Hamidu shi ne yadda yake aiki, wanda Danjuma ya riƙe da gaskiya da amana, kuma wannan riƙon ne ya cinye zanen da Hamidu ya fi so. Ban ga laifin kowa ba, shi ya sa ma ba ni da inda zan kai kukana. Allah ya jiƙan Hamidu, ya haɗa shi da Dada a gidan rahama.

Ranar da aka yi masa addu'ar bana, bayan mutane sun watse, na buɗe sabon wasan na tatsi saniya. Nonon ya tafi ya zauna a cikin kwalba. Ban tsaya tunani ba, nan take na gane ko mene ne. Sai dai a duk Jalingo ban san wanda ya taɓa tatsar saniya a cikin irinta ba.