Tarihin Baba a Takardar Siminti

Ni dai karatuna a aji uku na sakandare ya yi faci, ban kuma tsaya tura shi ba. Turancina bai wuce na karanta allon shago da na faɗa da direban tifa ba. Amma a layinmu na Dutse Uku ni ne mutum na farko da ya buɗe bulog. Ka je ka tambaya. Ba za su gane me kake nufi ba, amma dai ka tambaya.

Sana'ata buga bulo. Filin na Baba ne, injin ma nasa ne, ni da Yaya muke riƙe da wurin tun da gwiwa ta hana shi tsayuwa. Yaya yana yawon nemo masu gini, ni ina fili da leburori huɗu da yashi da siminti da tiyo. A buga, a jera, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma, in ba haka ba ya ruguje a hannun magini a zo har gida a zage ka.

Akwai wani kafe a hanyar Anguwan Rogo, ɗaki ɗaya, kwamfuta shida, biyu sun riga mu gidan gaskiya. Sakamakon ƙwallo nake zuwa dubawa. Mai kafen wani dogo ne mai tabarau, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Wata rana ya ji ina ba mutanen ciki dariya da labarin ɗan acaɓan da ya ɗauko akuya da mai akuya, ya ce sai kowannensu ya biya kuɗin kujera. Sai mai kafen ya ce da ni:

"Kai, wannan bakinka ya yi yawa. Ka buɗe bulog mana ka zuba shi a ciki."

Na ce, "Oga, bulo kuma? Daga cikinsa na fito yanzu, dubi ƙafata."

"Ba bulo ba, bulog. Kamar bango ne naka. Ka rubuta abin da kake so, mutum yana Landan zai karanta."

"To me na yi wa mutumin Landan?"

Shi ya buɗe mini. Da yatsa ɗaya nake bugawa, kamar kaza tana tsintar dawa. Tikitin awa ɗaya, rabinsa a jiran shafi yake ƙarewa. Ga shi kibod ɗin ba ya da harafi mai lanƙwasa, ka rubuta kun yi baƙi ya fito kun yi baki. Rubutu uku na saka: na akuya, na sanyin Jos da ke sa ƙato ya yi wankan fuska ya ce ya yi wanka, sai na zagin magoya bayan wani kulob. Mutum ɗaya ya yi sharhi. Na yi ta murna har kwana biyu kafin na gane mai kafen ne.

Da rani ya shigo gini ya tashi, na yi wata bakwai ban leƙa ba. Ranar da na koma faswod ya gudu daga kaina. Na gwada sunan budurwata, na gwada na wadda ta gabace ta, na gwada lambar tifa. Mai kafe ya ce, "Ya tafi ke nan." Ban damu ba. Akuyar tana can har yau, ba mai kwance ta.

Bulog na biyu shi ne maganar.

A rikicin Jos na farko gidanmu na dā ya ƙone. Rai bai salwanta ba, alhamdulillahi, amma akwatin ƙarfen Baba yana ciki. Takardun harajin kakanmu, katinsa na aikin kuza, da hotonsa guda ɗaya tak, duk suka zama toka. Kakan nan da ƙafa ya zo Bukuru haƙar kuza tun ba a haifi Baba ba. A dā in wani ya ce mana baƙi, Baba ba ya musu, akwatin kawai yake jawowa. Bayan gobarar sai ya zama in an faɗa sai dai ya kalli ƙasa.

Wata la'asar yana zaune a benci a filin bulo, Yaya ya ce don ya tsokane ni, "Baba, ɗanka fa har a kwamfuta yake buga bulo."

Baba ya ce, "Wane irin bulo?"

Ni kuma da bakin nan nawa na gyara tsayuwa. Na ce, "Baba, rubutu ne. Amma abin da aka sa a can wuta ba ta ci, ruwa ba ya ci, gara ma sai dai ta yi kallo."

"Ko an ƙone shagon?"

"Ko an ƙone garin."

Ya ce, "Rufe mana baki." Ya ci gaba da jan carbi. Can sai ya ce, "Gobe ka zo da biro."

Littafi ban saya ba, don me zan saya? Buhun siminti na lokacin takarda ce ninki uku. In ka farke shi a hankali, ta tsakiyar fes take, mai kauri, biro yana gudu a kanta. Duk ɗan gidan bulo a kanta yake rubutu. Kullum bayan la'asar na farke buhu ɗaya na ɗora a kan bulo, Baba yana faɗa ina rubutawa.

Ya faɗi garin da kaka ya taso da garuruwan da ya kwana a hanya, ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi barikokin da ya yi aiki, da yadda ake ɗaukar ƙasa a kwanon sarki daga ƙasan rami har gashin tsakiyar kai ya ƙare. Ya lissafo 'yan'uwan kaka da 'ya'yansu da inda kowa ya watse. Ya ba ni labarin wani shugaban leburori da igiyar wandonsa ta tsinke a gaban Bature, na yi dariya har biro ya faɗi. Ya kuma faɗi inda aka binne kaka: wane kududdufin kuza, ta wane ɓangare, taku nawa daga wace bishiya. Duk duniya shi kaɗai ya rage da ya sani.

In na gama sai ya ce in karanto. "Ba haka na ce ba, ɗan rabin boko. Goge."

"Baba, biro ba ya goguwa."

"Shi ya sa ake tunani kafin a rubuta."

Kusan kwana arba'in muka yi. Ranar ƙarshe ya ce, "To na sauke. Yanzu a wuyanka yake." Na ce ya ɗauka an gama.

Na buɗe sabon bulog, faswod ɗin kuma na rubuta shi da gawayi a bangon sito, don an ce in maciji ya sare ka, in ka ga tsumma sai ka gudu. Zuwa biyar na yi kafin rubutu biyu suka hau. Sau ɗaya ina dab da gamawa aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta komai ya shafe. Baba kan tambaye ni, "Bulo nawa ka buga a can?"

"Biyu, Baba."

"Sauran fa?"

"Suna shan ruwa."

Sai ya yi dariya.

Ana haka rikici na biyu ya zo. Aka sa dokar hana fita. Da aka ɗage, gari gaba ɗaya ya taso neman bulo. Wanda aka ƙone wa gida zai gyara, wanda ba a ƙone wa ba zai ƙara tsawon katanga, wani kuma ya bar unguwar da aka haife shi zai yi sabon gini cikin 'yan'uwansa. Ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba, kuma kunyar faɗa nake ji. Daga sallar asuba sai magariba muke kashe inji. Bulo bai gama bushewa ba an ɗora shi a mota. Mai kafe shi ma ya kwashe kwamfutocinsa ya koma can wani ɓangaren gari da ba na shiga, ko sallama ba mu yi ba.

Takardun suna sito, na naɗe su na ɗora a kan tarin buhunan da aka zazzage. Kullum in na gan su sai na ce gobe.

Baba bai daina tambaya ba. Na ji nauyin in yi ta ce masa biyu, sai na ce biyar. Bayan sati na ce goma sha biyu. Ƙarya kuwa in ta samu hanya ba ta da birki. Wata rana na ce, "Baba, an gama. Duka sun hau."

Ya ce, "Har da wurin kabarin?"

"Har da taku."

Ya ɗaga hannu ya sa mini albarka a gaban leburori. Na shafa na ce amin.

Al'adar gidan bulo ce, buhun da aka zazzage na mai tsire ne. Namu na bakin titi yakan zo da baro lokaci-lokaci ya kwashe, in Sallah ta zo ya aiko mana da balangu. Ranar da na raka tifa Bukuru aka ce tirelar siminti na hanya, Yaya ya sa aka share sito ƙal. Ban ma lura ba. Sai bayan kusan sati biyu, na tsaya sayen tsire bayan magariba, na buɗe ƙunshin, na ga rubutuna a ƙarƙashin albasa. Mai ya jiƙa shi. Abin da ya fito kawai: "sai suka kwana biyu a".

Na ce, "Malam, ina ka samo wannan?"

"Ai taku ce. Wallahi takardarku akwai kyau, ba ta yoyo."

"Ina sauran?"

Ya nuna ƙarƙashin tebur. Ya riga ya yayyanka su daidai ƙunshi. Na tsuguna ina zazzagewa, masu saye suna kallona. Guntu bakwai na samu masu rubutu, babu biyun da suka haɗu.

Ya ce, "Wani abu ne mai muhimmanci?"

Na ce, "A'a. Kakana ne kawai rabin unguwa suka ci da yaji."

Ya yi dariya, ya ɗauka irin wasan da na saba ne.

Yaya da na tare shi cewa ya yi, "Kai da ka ce duka sun hau?" 

Gyara yana nan a lokacin, na sani. Baba yana benci kullum da bakinsa da hankalinsa. Abin da ya rage kawai in durƙusa in ce ƙarya na yi, a sake daga farko. Amma albarkar nan da na shafa ta tare mini hanya. Na ce bari aiki ya lafa. Na ce bari in samu ranar da yake cikin nishaɗi. Na fara tunanin dabarar da zan riƙa tambayarsa kaɗan-kaɗan ba tare da ya gane ba. Ban fara ba har sati uku suka wuce. Ran wata Talata ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin damansa ya shanye, harshe ya tafi tare da shi.

A lokacin ne na samu lokaci. Na kwafo faswod daga bango, na nemo wani kafen, na bar wa Yaya fili kwana uku. Na zauna in rubuta abin da na tuna. Labarin wando ya zo cif, har da yadda Baturen ya juya baya. Duk wani abin dariya yana nan. Amma garuruwan hanya, biyu na kamo, su ma ban san wanne ne gaba ba. Sunayen 'yan'uwa suka cakuɗe. Kabarin kuwa na tuna akwai kududdufi, akwai bishiya. Taku arba'in ne ko saba'in, gabas ko yamma, Allah masani. Wata Lahadi muka je bayan Bukuru ni da Yaya. Kududdufai ga su nan birjik, duk ruwansu kore iri ɗaya, bishiyoyin an sare an yi gonar kabeji. Muka sha rake muka dawo.

Da Baba ya ɗan samu sauƙi ana jingina shi da filo, sai ya fara yi mini wata alama. Ya nuna ni da hannun hagu, ya yi kamar yana rubutu a kan bargo, sannan ya nuna idonsa. So yake ya gani. Na yi kwana huɗu ina yin kamar ban gane ba, ina miƙa masa ruwa, ina gyara masa filo. Ran na biyar ya kama rigata bai saki ba.

Na je aka buga mini duk abin da ke bulog ɗin a takarda. Shafi huɗu.

Baba ba ya karanta boko, amma ya iya ƙirga. Ya ɗora su a cinya, ya lashi babban yatsa, ya ɗaga ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya murza ta ƙarshen ko akwai wata manne da ita. Ya juya bayansu, fari fat. Sannan ya kalle ni.

Na ce, "Baba, haka kwamfuta take, matse rubutu take yi. Buhu goma sai ya koma shafi ɗaya."

Ya ci gaba da kallona. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan yi rawa, na jira ko wani sauti zai fito. Babu. Ya haɗa takardun a hankali, ya daidaita bakinsu a kan gwiwa, ya miƙo mini. Da na karɓa sai ya juya fuskarsa bango.

Na zauna a wurin riƙe da su har wayata ta yi ƙara. Yaya ne, wai tifar yashi ta iso, in zo in nuna inda za a juye.