Sauƙin da ya ci mini yatsu biyu

Shekarun baya, lokacin da nake zaune a unguwar Federal Low-Cost a Gombe, katanga ɗaya ce tsakanina da wani likita, mutumin Kaltungo. Bara ya rasu, shi ya sa na ce bari in ba ku labarin ƙafata ta hagu.

Ni masinja ne mai ritaya. Na yi firamare har aji huɗu, aji huɗun da, wanda a ganina ya kai difloma, don haka ban taɓa jin Dokta ya fi ni sanin magani da wani abin kirki ba. Shi yana da takarda, ni ina da shekaru. A majalisarmu kuma mun sa masa ido, don mutum ne da zai dawo daga asibiti ya tuɓe kwat ya zauna yi wa 'ya'yansa mata tsifar kai, ranar Asabar ya riƙe wa Madam kwando zuwa kasuwa. Muna ce masa mijin tace, ya yi dariya ya ce ai tacen ce ta kai shi inda yake.

Ina da ciwon suga, shi ne ma ya gano shi, ya kuma hana ni shiga gona da silifa. Na shiga. Lokacin roron wake na taka ƙusa a gonata ta wajen Gabukka, wurin ya zama miki a ƙasan yatsu. Tunda ba na son faɗa, sai na yi masa aikin masana: na fasa kafso na barbaɗa, na ɗaure da tsumma, na sa safa. Kwana huɗu yana zogi, daga nan ya yi tsit. Kullum da safe Dokta zai sauke gilashin mota ya ce, "Baba, na ga kana ɗingishi, ya ƙafar?" In ce, "Da sauƙi." Kuma ba ƙarya nake ba, ba na jin komai.

Ana gobe Kirsimeti suka yi shirin tafiya gida. Bai taɓa yin Kirsimeti a wani wuri ba sai a gaban mahaifiyarsa. An loda shinkafa, an ɗaure akuya a bayan mota, 'yan mata sun ci anko sun shige. Na fito in yi musu a sauka lafiya.

Ya dube ni daga ƙasa. Ya ce, "Baba, safa ƙafa ɗaya sabon yayi ne?"

Na ce, "Sanyi ne, Dokta."

"Sanyin hagu kawai yake kamawa? Zauna."

Ya zaunar da ni a dakali, ya durƙusa da sabon yadinsa ya cire safar da kansa. Warin da ya tashi, ni kaina sai da na kau da kai. Ya karɓi fil daga ɗankwalin Madam ya ce in rufe ido.

"Ka ji?"

"Na ji me?"

"Sau uku na soka maka."

Na ce, "To ka gani. Ai na gaya maka da sauƙi."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, wannan sauƙin shi ne ciwon. Ta daina zogi ne don ta fara mutuwa. Ka ƙara kwana biyu haka, daga gwiwa za a yanke."

Na ce su je su dawo, ni mai haƙuri ne, ƙafa ba guduwa za ta yi ba. Ban rufe baki ba Madam ta fara sauke yara. Ta ce, "Baba, shiga mota. Akuya ba ta san kwanan wata ba."

Haka muka tafi asibiti, ni a gaba akuya a baya, kowa yana tunanin wuƙa.

Ya nemo abokin aikinsa mai tiyata, ya tsaya a kaina har aka gama. Yatsu biyu suka tafi, ƙafa ta tsira. Satin nan duka shi yake wanke mikin safe da yamma. Da tsohuwarsa ta ga shiru, sai ta hau mota ta zo Gombe, ta ce a kai ta ta ga ƙafar da ta riƙe mata ɗa. Ta dubi ƙafar, ta dube ni, ta faɗi wata magana da yarensu na Tangale. Na ce ya fassara. Ya ce addu'a ce. Yadda Madam ta toshe baki da gyale, ban yarda ba.

Mu nan an tarbiyyantar da mu kada mu ɗora wa mai gaisuwa nauyi, kada kuma mu zama kamar masu kai ƙarar Ubangiji. Dokta ya san "da sauƙi" gaisuwa ce, ba amsa ba, shi ya sa in ya tambaye ka, jikinka yake kallo, ba bakinka ba.

Har gobe in aka ce ya jiki, abin da zan ce ke nan, ban iya wata ba. Amma kowace safiya sai na zauna bakin gado na sa madubi na duba ƙasan ƙafar yadda ya koya mini, in ƙirga yatsun. Uku ne a hagu. Ba don shi ba, da babu abin ƙirgawa.