Rigar Baba a Kan Ƙusa

Ƙanwata tana karatu a Turai, a ɗakin binciken da ke neman rigakafin wata cutar ɓeraye mai suna hantabairos. Sunan ne kawai, ba ruwanta da hanta. Ta taɓa yi mini bayani a waya.

"Ɓawon ƙwayar cuta muke ƙerawa, Yaya, kamanni sak amma ciki fanko. Mu manna masa alamar cutar, jiki ya gani ya koyi faɗa kafin ta gasken ta zo."

Na ce ashe mutum-mutumin gona aka tura ta ɗinkawa. Har Mama na ba labarin, ta yi ta dariya.

Da Baba ya rasu, aka kulle ɗakinsa a gidanmu na unguwar Kawo sai bayan sadakar arba'in, kamar yadda ake yi a danginmu. Mun manta da buhun gyaɗar da ke ƙarƙashin gadonsa. Ɓeraye ba su manta ba.

Ana gobe buɗewa ƙanwata ta kira. Ta ce kada a yi shara a bushe, a jiƙa ko'ina tukuna, domin ƙurar kashin ɓera ake shaƙa a kamu. Na ce cutarsu ba ta zo nan ba. Ta ce ba ta da tabbas, kuma ɓera ba cuta ɗaya yake ɗauka ba.

Na yi sammako, amma Mama ta riga ni. Ta share tas, taga a rufe, ƙura har a girarta. Wai ruwa ba zai taɓa inda littattafan mijinta suke ba, kuma ɗakin miji matarsa ke sharewa. Raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa.

Ta fitar da komai sai babbar rigarsa da ke rataye a ƙusa, da hularsa a sama. Kafaɗun rigar ba su saki ba, kamar yana ciki ya juya mana baya. Ba iska, amma gefenta yana motsi. Sai da ɓera ya diro daga aljihun na iya numfashi. Na miƙa hannu zan sauke ta.

"Bar ta," in ji Mama. "Kallonta nake, don jikina ya saba da rashinsa."

Na ce wa ƙanwata ta aiko da rigakafin nata ko ta halin ƙaƙa. Ta fashe da kuka, ta ce har yanzu a kan ɓeraye suke gwada shi. Sai dai mu sa ido, in zazzaɓi ya zo a tafi asibiti.

Kullum kafin in wuce ofis sai na biya na taɓa goshin Mama. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. Ranar da na ji goshin da zafi, a ɗakin Baba na same ta. Ta kafa sabuwar ƙusa kusa da rigarsa, ta rataye mayafinta.

"Ɗauko mota mu tafi asibitin," ta ce. "Wannan kuwa ku bar shi nan, ku ma ku fara sabawa."